Dalhatu Maɗori a Littafin Taubashiyarsa

A ƙauyukan da ke tsakanin Turba da Bafarawa, in ƙashi ya karye ba a tsayawa shawara, gidan Dalhatu ake nufa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, bahago, ga cindo a hannun hagun nan, ɗan yatsa na shida yana reto a gefen tafi. Ɗori gado ne a gidansu. Kakansa ya taso da shi daga Unguwar Lalle, ubansa ya yi shi har idonsa ya daina gani, sannan ya faɗo hannun Dalhatu tun gemu bai fito masa ba. Da damina yana noman gero da dawa kamar kowa. Yana da 'yan tumaki da matarsa Basira ke kula da su, da 'ya'ya mata da suka fara tasawa. Shi da bakinsa yakan ce jakuna da rijiyoyi ne suka ciyar da ubansa, shi kuwa babura ke ciyar da shi, domin tun da samari suka gano babur na iya ɗaukar mutum huɗu da buhun gero, zaurensa bai ƙara rabuwa da mai nishi ba.

Yana da wata dabara da aka san shi da ita. In an shimfiɗe mai karaya a tabarma, ya gama lalube da yatsunsa, ya jera karan dawa da tsumma da man shanu, sai ya dubi mutum kamar babu abin da ya dame shi ya ce, "Mi kac ci daren jiya?" Mutum na buɗe baki zai ce tuwo, sai ya ji an fizgi ƙafar, ƙashi ya koma mazauninsa. Ihu kan biyo baya, amma aiki ya riga ya ƙare. Kowa ya san tambayar nan, kuma kowa sai ta ci shi, har da waɗanda suka dawo karo na biyu suna cika baki cewa ba za su amsa ba.

Mutum ne mai barkwanci, kuma duk faɗin dangi babu mai iya kai shi ƙasa da baki sai mace ɗaya, Sadiƙa, ɗiyar gwaggonsa. Taubasai ne, sun kuwa riƙe taubasantakar da hannu biyu tun suna yara. Ita ce ta zuba masa barkono a fura ranar wata salla da har yau ba a manta ba, shi kuma ya taɓa shelantawa a gidan biki cewa an ba shi ita kyauta ya ce a kai kasuwa. Kowannensu na kiran ɗan'uwansa bawa. A ƙasar nan abin da taubashi ya yi maka ba a kai shi ƙara, ba a ma ɓata fuska, wanda ya fara fushi shi aka ci. Sadiƙa ta yi karatu, ta yi aure a Sakkwato, tana koyarwa a makarantar 'yan mata, tana kuma rubuta littattafan labari. A nan ba a cika ganinsu a takarda ba. Wani mai zaƙin murya ne ke karantawa a ɗauki muryarsa, a yi ta tura wa juna a waya kashi-kashi, mata na saurare suna surfe, samari na saurare a rumfar mai cajin waya.

Tsautsayin ya faro ne a wani suna a Isa. Dangi sun cika tsakar gida, Dalhatu ya leƙo ya tarar ana ta nan-nan da Sadiƙa, ana cewa marubuciya. Ina zai iya haƙuri? Ya ɗaga murya ya ce shi dai bai taɓa ganin sana'ar banza irin wannan ba, mutum ya zauna a inuwa ya shara ƙarya kuma a tafa masa. Mata suka yi shewa. Sadiƙa ta gyara mayafi ta nuna shi da yatsa tana dariya.

"Bari ka gani, bawan banza. Za ni sa ka cikin littahi."

Ya ce ta sa shi ɗin, amma don Allah ta ƙara masa tsawo. Aka watse ana dariya, kafin ya isa gida ya manta.

Ita ba ta manta ba. Abin da ta manta, ko kuma zaman birni ya rage mata zafinsa, shi ne ƙasar da take rubutu a kanta ba ita ce wadda suka yi ƙuruciya a ciki ba. Shekarun nan mutanen daji sun hana kowa sakat. Su kore shanu, su ɗauke mutum a gona, su tare hanya ranar kasuwa. Garuruwa suka kafa 'yan sa-kai, kuma da yake kusan kowane ɗan sa-kai na da wanda ya binne, ba su tsani ɓarawon daji kamar yadda suka tsani na cikin gari mai kai masa rahoto ba. Infoma ake ce masa. In kalmar nan ta manne wa mutum, ba a cika wahalar da alƙali ba. Akan zo a ce ya zo ya amsa tambaya, daga nan iyalinsa su shiga neman inda aka yar da shi.

Littafin ya fara fitowa, a ciki akwai wani maɗori mai suna Nomau. Sadiƙa ta sauya suna, ta sauya gari, har tsawon da ya roƙa ta ƙara masa. Amma ta bar masa hagu, ta bar cindo, ta bar tambayar abincin jiya. A ganinta ta ɓoye shi ke nan, sai ka ce da suna ake gane mutum. Dalhatu nawa ne a ƙasar Gobir? Da hannunsa da bakinsa aka san wannan. Kashin farko ban dariya ne zalla: Nomau marowaci, Nomau mai tsoron kare, Nomau da matarsa ke kora da muciya. Mahautan kasuwar Bafarawa suka fara kiransa Nomau, yana amsawa yana washe baki, har yana aika wa Sadiƙa cewa ta shirya, ramuwa na nan tafe.

Wata ranar kasuwa ya tsaya a rumfar mai caji zai karɓi wayarsa. Samari sun kewaye wata waya, muryar mai karatu na tashi. Ya ji an ambaci Nomau, ya matsa yana murmushi. Nomau ne a tsakiyar daji, an kai shi bisa babur, yana durƙushe gaban shugaban ɓarayi yana ɗora masa ƙafa. Ya tambaye shi abin da ya ci jiya, ya fizga. Da ya gama ɗauri sai ya sassauta murya ya shiga bayyana musu gidajen gari, wanda ya sayar da bijimi, wanda ɗansa ya dawo daga ci-rani, da kusurwar da masu gadi ba sa zama. Wani saurayi ya ɗago ya gan shi, ya yi sauri ya kashe wayar. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ce Nomau. Dalhatu ya karɓi tasa wayar, ya bar kasuwar bai sayi gishirin da Basira ta ce ya sayo ba.

A wurin Sadiƙa wannan shi ne dukan ƙarshe, wanda taubashi ba zai iya ramawa ba. Ba ta kawo a ranta cewa muryar da ke yawo a wayoyin mutane ba ta tafiya da bayanin wa ya haifi wa ba.

Daga nan abubuwa suka fara canjawa a hankali, irin canjin da ba ka da wanda za ka riƙe. Maƙwabciyar da ke aron turmin Basira ta daina shigowa. Wani manomi ya faɗo daga amalanke, aka wuce da shi ta ƙofar gidan Dalhatu aka kai shi wani gari. A masallaci sahu kan ɗan buɗe a gefensa. Abin da ya fi hana shi sukuni shi ne, ba a daɗe ba da aka shigo garin aka ɗauki wani dattijo jim kaɗan bayan ya sayar da bijimi. Dattijon bai dawo ba, kuma ɗansa, Amiru, shi ne shugaban 'yan sa-kai. Ran nan bayan azahar Amiru ya tsaya a bakin zauren Dalhatu bai sauka daga babur ba, ya yi sallama yana kallon bango, ya ce maigari na son ganin Dalhatu ranar Juma'a in an sauko.

Basira ta ce su kwashe yara su bi dangi Sakkwato tun da sauran ƙafa. Ya ce in ya gudu ya amsa laifi ke nan, kuma wa ya ce za a bar shi ya kai tasha? Ya daɗe yana juya waya a hannu kafin ya kira Sadiƙa, don kunya yake ji ƙwarai, namiji da gemunsa ya kai kukan wasan taubashi. Tana ɗauka ta fara, ina bawanta, ya ji yadda ake ɗori da alƙalami? Bai rama ba. Ya gaishe ta a natse, ya tambayi maigidanta da yara kamar yadda ake gaida baƙuwa.

"Malama Sadiƙa, 'yan sa-kai sun kira ni gaban maigari ran Jumma'a. Bisa zancen Nomau na."

Sadiƙa ta yi salati, muryarta ta koma ta wata mace da bai sani ba. Ta ce tana tafe. Ya ce hanya ba kyau. Ta ce ko da ƙafa ne.

Ta iso ranar Alhamis cikin ayarin motocin da ke jiran rakiyar jami'an tsaro, ƙafafunta a kumbure. Juma'a ana saukowa zauren maigari ya cika har waje. Maigari na zaune, liman a damansa, Amiru da mutanensa na tsaye jikin bango da bindigogin toka a rataye. An ce su ajiye su a waje, suka yi kamar ba su ji ba. Dalhatu ya zauna a tsakiya, ya tura hannun hagu cikin riga, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Sadiƙa ta durƙusa daga bakin ƙofar cikin gida.

Amiru ya kunna waya, aka saurari kashin dajin nan tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san mutum ba ya zama a Sakkwato ya san hannun wani da bakinsa haka sai in ɗan gida ne, kuma ɗan gida shi ke sanin abin da ake ɓoyewa. Tunda hannun gaskiya ne, tambayar gaskiya ce, don me dajin kaɗai zai zama ƙarya? Kawuna da yawa suka gyaɗa, har na waɗanda Dalhatu ya ɗora wa 'ya'ya.

Aka ba Sadiƙa dama. Malamar da ke tsayawa gaban aji ba ta jin komai, yau sai da ta fara magana sau biyu. Ta ce mai rubuta labari ba ya iya ƙera mutum daga iska, sai ya ari wani abu a jikin mai rai, tafiyar wannan, tarin wancan, don mai saurare ya yarda da shi. Ta ari hannun Dalhatu da bakinsa. Dajin kuwa ta harhaɗa shi ne daga labaran da kowa ke ji a mota da gidan gaisuwa. Amiru ya ce to duk mutanen duniya me ya sa sai shi.

"Don tobashina na, ranka shi daɗe," ta ce tana fuskantar maigari. "Shi yac ci mutuncina gidan suna, nic ce sai na rama. Wallahi wasa na. Ban san wasan ga za shi kai nan ba."

Maigari ya dubi liman. Liman, wanda ya san aure da haihuwar kowane gida, ya shiga warware zumunta: uwar Sadiƙa da uban Dalhatu ciki ɗaya suka fito, da idonsa ya ga ranar da aka kai uwar tata aure Isa. Wani tsoho daga baya ya ce ai shi yana wurin ranar barkonon fura. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Aka ji zauren ya ɗan saki. Maigari ya ce tun kakanni ba a shari'ar wasan taubasai, kuma ba a kansa za a fara ba, yarinya ta yi wauta, a ja mata kunne. Dalhatu har ya fara neman takalmansa da ido.

"Mun yarda, ranka shi daɗe," in ji Amiru. "Wasa na. To shi dahwa Alƙur'ani shi ce bai taɓa ɗora ma mutumin daji ƙashi ba, kowa shi tahi gida."

Babu wanda ya ga aibun wannan. Liman ya zaro Alƙur'ani daga gafaka, ga Dalhatu da alwalarsa ta Juma'a. Sadiƙa har ta fara share ido tana hamdala. Dalhatu bai motsa ba.

Abin da ya riƙe shi sharaɗin gidansu ne. Ranar da ubansa ya damƙa masa ɗori, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai taɓa tambayar mai karaya ko shi wane ne ba, ko daga ina yake. A gidansu an yi imani duk maɗorin da ya fara zaɓen ƙashi, albarkar hannunsa ta tafi. Shekara da shekaru ana kawo masa mutane bisa babur, fuska naɗe da rawani kamar ta duk mai bin hanyar daji, Bahaushe da Bafillatani da mutumin Nijar, ya ɗora su tafi. Wasu ya san su. Wasu bai sani ba, kuma a ransa akwai 'yan kaɗan da bai so yadda masu rakiyarsu ke yawan kallon ƙofa ba. Rantsuwa ɗaya ce tsakaninsa da gida, ya kuma san babu mai iya kama shi da ƙarya a zauren nan. Tsoro ya kama shi, na bindigogin da ke jikin bango da na Littafin da ke gabansa, kuma na biyun ya fi.

"Liman, wagga rantsuwa ba ni iya ta," ya ce. "Ban taɓa tambayar mai karaya ko shi wane na ba. Ina iya rantsuwa ban taɓa shiga daji ba, ban taɓa kai maganar kowa ga kowa ba. Amma waɗanda nid ɗora ma duka, Allah ɗai yas san su."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Ɗaya daga cikin mutanen Amiru ya sauke bindiga daga kafaɗa, maigari ya daka masa tsawa, abin da ba halinsa ba ne. Dalhatu ya fito da hannu ya dafa Alƙur'ani, ya rantse a kan abin da ya ce zai iya. Amiru ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ya yarda bai kai rahoto ba, don mai iya ƙarya da ya yi ta tun ɗazu ya wuce. Amma ƙafar da aka ɗora ita ke komawa ta taka babur ta zo ta ɗauki uban wani. A nan ya juya fuska ga bango.

Maigari ya yanke magana. Dalhatu zai zauna a gidansa, babu mai taɓa shi. Amma daga yau ba zai sa hannu a jikin baƙo ba sai wani ɗan gari ya tsaya masa ya ce ya san shi. In ya saɓa, to maigari ya cire hannunsa. Aka tambayi Dalhatu ko ya yarda. Ya tuna ubansa, ya tuna 'ya'yansa da ya baro suna leƙe ta katanga. Yana son ransa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ya ce ya yarda.

Sadiƙa ta wuni tana kuka a ɗakin Basira. Da za ta koma ta ce za ta rubuta sabon kashi ta wanke Nomau, a gano sharri aka yi masa. Ya yi mata godiya, ya ce Allah ya tsare hanya, ta gaida maigida. Ta ɗan tsaya ko zai jefe ta da baƙar magana irin ta da, bai jefa ba. Ta rubuta ɗin kuwa, sai dai ba a damu da tura wannan kashin kamar yadda aka tura wancan ba.

Mutane suka fara dawowa da ɗaiɗai, 'yan gari da waɗanda aka sani. Bayan girbi, wani hantsi yana zaune a bakin zaure yana fere kara, sai ga wata Bafillatana ta yi sallama, goye da yarinyar da ta wuce goyo. Ta sauke ta a hankali. Hannun yarinyar na dama ya lanƙwashe ƙasa da gwiwa, ya kumbura, an ɗaure shi da yagen zane. Daga kan jaki ta faɗo, in ji uwar, tun jiya suke hanya. Yarinyar ta gaji da kuka, kallonsa kawai take yi. Daga inda yake zaune ya riga ya ga yadda karayar take, aikin da zai gama kafin a dama fura. A ƙetaren hanya, gindin itacen bedi, 'yan sa-kai biyu na zaune, sun daina hira. A zamanin nan ko mace da goyo ba ta tsira daga zargi ba, sai a ce matar wani ce a daji.

Ya ajiye karan da yake ferewa, ya yi mata tambayar da ubansa ya hana.

"Daga wane gari kunka hito? Wa yas san ku nan?"

Matar ta faɗi sunan wata ruga. Ya san rugar, ya kuma san an tashe ta tun bara, babu komai a wurin sai toka. Ta ce mijinta ya rasu, ba ta san kowa a nan ba, an dai ce mata akwai maɗori. Ya dubi gindin bedi, ko ɗayansu zai ɗaga hannu ya ce yarinya ce, a bari. Babu wanda ya motsa. Ya ce ta je ƙofar maigari ko za a samu mai tsaya mata. Ta dubi bindigogin, ta dube shi, ya gane ba za ta je ba. Ya ce to asibitin Isa, ya kwatanta mata inda ake samun babur, yana magana yana kallon ƙasa.

Ba ta roƙe shi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ta durƙusa ta mai da yarinyar baya, ta gyara hannun yadda ba zai yi reto ba, ta yi masa sai an jima. Ya bi su da ido har suka sha kwanar masallaci. Ba hanyar Isa suka ɗauka ba, hanyar da suka fito suka koma.

Dalhatu na nan a garinsu har yau, babu wanda ya taɓa shi. Yana noma, yana ɗora wa wanda aka sani. In wani ya yabe shi ya ce bai taɓa barin ƙashi ya kama a karkace ba, yakan girgiza kai ya ce akwai guda.